Shekarar da Inna Ta Koma Bakin Tafki

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, sai yanzu na iya zama na rubuta yadda jinyarta ta kasance. Saboda masu tsofaffi a gida nake rubutawa, don mu mun ɓata kusan rabin shekara muna maganin abin da ba shi yake damunta ba. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa ta a addu'a.

Sunana Kaltume. Ƙauyenmu yana kusa da Zakirai, irin wurin nan da gona take manne da gona, in ka yi kira daga bayan gidanku a amsa maka daga wani gidan. Inna Babarbariya ce, sunanta Yagana. Fataucin kanwa da bandar kifi ne ya kawo mahaifinta ƙasar Kano daga can bakin Tafkin Chadi, tana da shekara goma a duniya, ita da yayarta Falmata. A nan suka girma, a nan suka yi aure, Hausa ta zauna a bakinsu har ba mai cewa baƙi ne sai in ya lura da tsagen fuskarsu. Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, ni da ƙanena Bukar da yake kasuwanci a Kano. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai take zaune a gidansa, gida huɗu tsakaninta da inda nake aure.

Saƙa ce sana'arta. Tun tana amarya ta koya a wajen matar wani malamin asibiti da aka taɓa turowa yankinmu, saƙar kwarashi, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki. Hula, safa, rigar sanyi, shawul na rufe jariri, babu wanda ba ta yi. Da wuya ka sami yaron da aka yi sunansa a ƙauyenmu ba da aikin hannunta a jikinsa ba. Ba ta duban saƙa in tana yi. Idonta yana kan mai yi mata magana, yatsunta suna can suna harkarsu, sai ka ga fure ya fito a cinyarta kamar tsirowa ya yi.

A hula muka fara ganin alama. Bayan sanyi ya wuce, maƙwabciyata Larai ta haihu, Inna ta ɗauki farin zaren ulu za ta yi wa jariri hula. Hular jariri daga tsakiyar kai ake fara ta, ana ƙara mata faɗi, in ta kai tafin hannu a daina ƙari ta lanƙwaso ta sauko. Inna ba ta daina ba. Bayan kwana biyu na shiga gaishe ta, na tarar da abu a cinyarta ya kai faifai.

Na ce, “Inna, wannan kuma kan wane ne?”

Ta ɗaga shi, ta juya, ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce, “Hankalina ne ya tafi kiwo.”

Muka yi dariya tare, muka mai da shi marufin kwano. Ban sa komai a raina ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan makon ta zuba gishiri sau biyu a miya. Mako na gaba ta yi la'asar, ta naɗe darduma, ta sake shimfiɗawa ta tayar da wata la'asar. Wata rana ta zo har gidana da ɓacin rai, wai Larai ta ɗauke mata kwarashi, alhali yana soke a ɗankwalinta. Inna da ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Mai kemis ɗin garinmu ya ce taifot ce ta hau mata kai, ya yi mata ƙarin ruwa leda uku, ya jera mata allurai har mazaunanta suka yi tauri. Ba ta da zazzaɓi ko na rana ɗaya, amma ba wanda ya tambaye shi, har da ni. Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta ce iska ce, don akwai wata tsohuwar tsamiya a hanyar rijiya kuma Inna tana bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka yi ruƙiyya. Ba na raina addu'a, don in ana karatu a kusa da ita nutsuwa take saukar mata, har ta riƙa bi a hankali. Hayaƙin kuwa tari kawai ya bar mata. A haka bazara ta wuce, ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Wata Laraba a tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu bai fid da kai ba, na kai mata abincin rana na tarar da gida a buɗe, takalmanta a bakin ƙofa. Na duba rijiya, na duba gidajen maƙwabta. Maigidana, Malam Idi, shi ya hango ta daga kan babur, can a tsakiyar gonar wani bayan gari. Da na isa sai na tsaya a bakin gonar na kasa ƙarasawa. An yi ruwa da safe, rana ta fito, iska tana kaɗa geron yana kwantawa yana tashi tun daga gabana har inda ido ya ƙare. Inna tana cikinsa, ta tattare zaninta zuwa gwiwa, tana ɗaga ƙafa a hankali tana saukewa irin na mai ratsa ruwa. Fuskarta a sake take, rabon da in ga ta yi kyau haka har na manta.

Na shiga na kama hannunta. Ta dube ni ta yi magana da Barbarci, yaren da rabona da jin sa a bakinta tun rasuwar yayarta. Ta ce, “Ruwa ya ƙaru bana. Dubi bado yadda ya yi fure.”

Na dubi inda take nunawa. Balbelu ne suka sauka a wani fili, farare tas a cikin koren. Ban taɓa zuwa bakin tafki ba, amma na ɗan lokaci ni ma ruwa na gani.

Ta ce, “Baba bai dawo da kwalekwale ba?”

Na ce, “Bai dawo ba tukuna, zo mu jira shi a gida.” Ta biyo ni ba musu.

A ranar na kira Bukar na ce ya zo. Sau uku muka je wani babban asibiti a Kano kafin mu ga likitan da ya dace. Mu yi asuba mu shiga bas, mu isa mu tarar da layi ya riga mu. Zuwan farko a yankar kati ya ƙare, mai kiran suna ya tashi ya tafi cin abinci bai dawo ba sai da rana ta juya. Zuwa na biyu aka ɗebi jini, aka tura mu hoton kai, aka ce mu dawo bayan mako biyu. Inna ba ta iya zaman benci, kowane lokaci ta miƙe ta ce za ta je ta duba tukunya. Wata mai shara a wurin, Allah ya saka mata, ita ta samo mana tabarma a inuwa, ta riƙe mana layi muna zaune a waje.

A zuwa na uku muka ga likita, mace ce mai sanyin murya. Ta gaishe da Inna har da rusunawa, ta ce mata, “Inna, zan faɗa miki abu uku ki riƙe mini: gero, akuya, tabarma.” Suka ɗan taɓa hira, sannan ta ce ta maimaita mata. Inna ta yi murmushi ta ce, “Ai ke kika san kayanki, 'yar nan.” Sai likita ta nuna Bukar ta ce wane ne. Inna ta ce ɗanta ne. Likita ta nuna ni.

Inna ta ce, “Yayata ce, Falmata.”

Bukar ya buɗe baki zai gyara mata, likita ta ɗaga masa hannu. Bayan an fita da Inna ta zaunar da mu, maganarta kuma tana nan a kaina har yau. Ta ce, “Wannan ciwon mantuwa ne, ba hauka ba, ba iska ba. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu. Abin da aka zuba daga baya shi ne a sama, shi ake fara ɗiba. Nata rumbun yanzu ana ɗiba ba a zubawa, tana sauka ne zuwa hatsin da aka zuba tun ƙuruciya. Maganin da zan rubuta ba ya warkarwa, rage gudu yake yi. Kada ku yi gardama da ita, in ta ce yau Juma'a, to Juma'a ce. Kuma ku lura, abin da hannu ya iya shi ne yake barin mutum a ƙarshe.”

A bas muna komawa, kan Inna a kafaɗata tana gyangyaɗi, na yi ta kallon gonaki suna wucewa ina haɗiye kuka. Dole in bayyana abin da ya sa amsarta ta yi mini nauyi haka. Ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Da aka yaye ni, Iya Falmata ce ta ɗauke ni, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A ɗakinta na tashi, a bakinta na tsinci Barbarci, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji, ta rasu ina goyon fari. Inna kuwa “ke” take ce mini, in za ta ambace ni a wajen wani ta ce “'yar gidan Yaya”. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, haka aka saba. Amma a ranar sai na ga ashe a cikin rumbun ma babu ni, Bukar yana nan, ni an ɗebe ni.

Malam Idi ne ya fara cewa mu ɗauko ta ta dawo gidanmu, tun ban roƙe shi ba. Muka gyara mata ɗakin da yake kallon darbejiyar tsakar gida. Bukar ya ɗauki nauyin magani, mai tsada ne kuma ba a samun sa a nan, ni kuma na sayar da tunkiyata don zirga-zirgar asibiti. Makonnin farko sun yi wuya. Ko yaushe tana hanyar zaure, za ta je tarar babanta a bakin ruwa. In na juya baya in sauke tukunya, sai in ji an ce ga Inna can ta kusa masallaci. Gwaggo Asabe ta ce a sa mata mari a ƙafa kamar yadda ake yi wa masu taɓin hankali. Bukar bai yarda da mari ba, amma ya ce, “Yaya, ki riƙa sa kwaɗo a ɗakin in za ki yi aiki, kada wata rana a tsinto ta a rijiya.”

Na yi, sau ɗaya. Ranar ta zubar da kunu, ta fita sau huɗu kafin azahar, na gaji har na daka mata tsawa, na tura ta ɗaki na sa kwaɗo na tafi surfe. Da na dawo ba kuka na ji ba, ba ihu ba. Ƙwanƙwasa ƙofa take yi a hankali da ɗan yatsa ɗaya, tana cewa da Barbarci, “Ku jira ni, kada ku tafi ku bar ni.” Na buɗe na tarar da ita a tsaye, ta ɗaura ɗankwali, ta riƙe takalmi a hannu. Ta yi mini godiya kamar baƙuwar da aka taimaka wa a hanya. Wannan ranar tana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, “Ba likita ta yi maganar hannu ba? Ina kwarashinta?” Tun rikicin zargin Larai mun ɓoye kayan saƙarta, muna ganin wahalar da ita suke yi. Ranar kasuwar Zakirai ya dawo da curin zaren ulu biyu, shuɗi, ya ce shi ya samu. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, na ajiye zare da kwarashi a cinyarta. Ta daɗe tana shafa zaren. Can sai ta naɗa shi a yatsa, ƙarfen ya shiga ya fito, sarƙa ta fara sauka. Tun daga hantsi har aka kira azahar ba ta dubi zaure ba.

Ba hula take yi ba, ba riga ba. Layi take bi ta kai ƙarshe ta juyo, wani wuri ya yi faɗi, wani ya tsuke, wani ta tsallake ido ya bar rami. Amma tana zaune, tana 'yar waƙa a maƙogwaro. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, gari ya cika da ƙamshin sabon gero, ita tana nan a gindin bishiya, inuwar ganye tana yawo a kan shuɗin da yake taruwa a ƙafafunta.

Wani yammaci ina gefenta ina tsintar wake a faifai, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ya Falmata, Kaltume tana cin abinci kuwa?”

Faifan ya kusa suɓuce mini. Na ajiye shi a ƙasa. Na ce, “Tana ci.”

Ta ce, “Ba ta son miyar kuka, ki riƙa yi mata kuɓewa. Jiya na leƙa ta dangar gidanki na gan ta tana bin kaza, ta faɗi ta fasa gwiwa. Na ji kamar in tsallaka in ɗauke ta, sai na ga mutane a ƙofar gida.” Ta ja zare ta ci gaba. “Wannan mayafinta ne. Ina so in gama kafin sanyi.”

Har yau ba na shan miyar kuka sai dole, kuma tabon yana nan a gwiwata ta hagu. Iya Falmata ta sha ba ni labarin kazar, amma ba ta taɓa cewa akwai mai leƙe ta danga ba. Na tashi na shiga madafi na zauna a kan turmi, na yi kukan da ban yi a bas ba.

Daga ranar kullum sai ta tambaye ni Kaltume. A wajenta ina da shekara uku, wani lokacin ma ban fara tafiya ba. Na ji cewa ranar da aka yaye ni ba ta ci abinci ba, ta ce wa mutane ciwon ciki take yi. Na ji cewa rigunan sanyin da Iya Falmata take cewa ta sayo mini a kasuwa, duk Inna ce take saƙawa ta aika a ƙarƙashin kwanon tuwo. Ni kuma ina amsawa a matsayin yayarta: ta yi barci, ta yi wayo, haƙoranta sun fito. Gwaggo Asabe ta ji mu wata rana, ta ja ni gefe ta ce, “Kaltume, amsa sunan mamaci ba kyau, kuma ƙarya kike yi wa uwarki.” Abin ya tsaya mini a rai, na kai wa Malam. Ya ce, “Allah ya san abin da kike nufi. Ki bar ta ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙe da shi.”

Matsalar da ta taso ita ce zare. Hannun Inna yana da sauri, curi biyu ba sa kai ta mako, ga magani ga abinci mai laushi da ake nema mata. Sai na yi dabara. In ta kwanta barcin hantsi, in warware abin da ta saƙa jiya, in naɗe in mayar mata. Na yi haka kusan mako biyu ina ganin ba ta sani ba. Amma zaren da aka warware lanƙwashe yake fitowa. Ran nan ta ja shi ta miƙar, ya koma ya nannaɗe. Ta auna mayafin da kamun hannu, ta sake aunawa, sai hawaye.

Ta ce, “Wani yana warware mini aiki. Sanyi ya kusa, yarinyar nan ba ta da abin rufa.”

Larai tana jin mu ta kan katanga. Washegari ta shigo da wani tsohon shawul ruwan ɗorawa, na ɗanta na fari wanda yanzu har ya yi aure. Ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, “Maman Sadiya, hannunta ne ya yi wannan, hannunta zai koma.” Ita da Inna ta yi wa zargin sata. Muka warware shi, muka wanke zaren, muka naɗe a jikin turmi ya bushe ya miƙe sumul. Kafin Juma'a biyu labari ya zaga gari. Mata suka riƙa buɗe akwatuna da ƙasan kwalla suna fito da huluna da safa da rigunan da 'ya'yansu suka sa ranar suna. Ja, kore, fari, ruwan hoda, ruwan ƙasa. Wasu asu ya ci gefensu, wasu har yanzu suna ƙamshin turaren jego.

Inna ba ta gane matan, amma tana gane zare. Za ta shinshina curi ta ce, “Wannan na ɗan gidan mai rini ne, wanda aka haifa ranar da aka yi ƙanƙara.” Uwar yaron tana zaune a gabanta, ta sa mayafi ta rufe fuska. Watannin sanyin nan su ne mafi daɗi a duk jinyar. Bayan azahar mata su taru a gindin darbejiya, wata tana warwara, wata tana naɗi, rana tana ratsa ganye tana zuba a kan launuka. Inna a tsakiya tana ba mu labarin tafki da Hausa rabi Barbarci rabi: tsibiran ciyawa da suke tafiya da kansu in iska ta taso, shanu masu manyan ƙaho da suke iyo sai hancinsu kake gani, yadda ita da yayarta suke kwanciya a cikin kwalekwale su kalli sama har su rasa ko su ne suke tafiya ko girgije. Wani lokacin in na rufe ido, ƙarar ganyen bishiyar sai ta zame mini ƙarar ruwa.

A lokacin na koyi saƙa. Duk shekarun nan ban taɓa zama kusa da ita har in koya ba. Ta ga ina kokawa da wani kwarashi da Larai ta ara mini, ta yi dariya ta ce, “Ya Falmata, har yanzu dai ba ki iya ba.” Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta ajiye kowanne a mazauninsa, ta ɗora hannunta a kan nawa muka yi layi guda tare. Hannunta yana da ɗumi da laushi, ban san haka yake ba.

Ina godiya ga matan garinmu, da Malam Idi da bai taɓa yin tsaki ba ko ranar da aka wanke tabarma sau uku, da Bukar da bai bari magani ya yanke ba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai dangin da suka ɗauke ƙafa tun da suka ji an ce ta rikice, akwai waɗanda suka hana 'ya'yansu shiga gidana kamar abin ana ɗauka. Mai kemis ɗin nan kuma har yau yana ɗaura wa tsofaffi ruwa. In tsohonku ya fara maimaita tambaya, ko aikin da ya iya ya fara kuɓuce masa, ku kai shi asibiti da wuri, ku haɗa da addu'a. Kada ku kulle shi. In ya kai ga kwanciya ku riƙa juya shi, ni ban sani ba sai da baya ya fara yi mata gyambo.

Da zafi ya shigo jikinta ya fara sauka. Hausa ta tafi gaba ɗaya, Bukar ya zo ta gaishe shi kamar baƙo, ya fita zaure ya daɗe bai shigo ba. Ta manta alwala, ni nake yi mata. Ta riƙa riƙe loma a baki ba ta haɗiyewa, muka koma kunu da cokali. Mun koma asibiti sau ɗaya, an canja likitar nan, layi ya fi na da, Inna ta galabaita a bas har na rantse ba zan sake wahalar da ita ba. Saƙar ma ta ragu, layi ɗaya sai ya kai ta wuni. Mayafin kuwa ya yi tsawon da sai an ninka shi uku yake zama a tabarma, ya fara da shuɗi, ya bi ta kowane launi, karkatacce, ba gefen da ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, bayan la'asar, na fito da ita gindin bishiya ta sha iska. Garin ya yi luf, ana jin ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Ta kwana uku ba ta ce uffan ba. Sai na ji muryarta sarai.

Ta ce, “Ya Falmata, tashi tsaye.”

Na tashi.

“Yafa wannan in gani. In ta girma tsawonku zai zo ɗaya.”

Na ɗauki mayafin na yafa. Ya rufe ni daga ka har ƙafa, sauran ya kwanta a ƙasa. Nauyi gare shi, da ɗumi. Ta ce in juya, na juya. Ta daɗe tana kallona, iska tana ɗaga gefen mayafin, ɗigon farko yana faɗowa a kan ganye.

Ta ce, “Ya yi mata.” Ta numfasa. “Ki kai mata. Kada ki ce ni na yi, kunyarta nake ji.”

Na ce, “Zan kai mata.”

Ta zare kwarashin daga yatsunta ta ajiye a kan tabarma, ta jingina da bishiya tana kallon hadari. Ba ta sake ɗaukarsa ba. Bayan kwana tara, ranar Alhamis da hantsi, ina ba ta ruwa da cokali Malam yana karanta mata kalmar shahada, ta cika.

Saƙo ya iso hannun mai shi. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da yayarta a gidan da ba a mantuwa.